Fatar Barewar Kawu

Shekara 9 Kawuna ya yi yana kiwon wata barewa a bayan zaurensa. Tun tana 'yar ƙarama wani maharbi ya kawo masa ita, ya shayar da ita da nonon akuya. Da na soma karatun ilimin dabbobi a jami'a, na ba shi labarin ɗakin ajiya na sashenmu, inda ake jeme fatar dabba da gashinta, a ɗora ta kan wani mutum-mutumi mai siffarta, a sa mata idanun gilashi, ta tsaya kamar mai rai. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, ɗana, ranar da tawa ta zo ƙarshe, haka nake son ka yi mata." Na amsa da gaggawa, irin amsar wanda bai taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba.

Cikin watan Agusta tsufa ya kayar da ita, aka yanka ta ran Alhamis. Mahaucin ya yi fiɗa mai kyau, bai huda ko'ina ba. Amma ba wanda ya san a zuba gishiri. Aka naɗe fatar cikin daro, aka ajiye a gindin bango, daidai ƙarƙashin indararo. Daren nan aka kwana ana ruwa. Ban iso gida ba sai Asabar da hantsi, na tarar da ita tana iyo cikin ruwa mai ɗumi, ga wari ya fara tashi.

Abin da na sani daga littafi shi ne, ruwa shi kaɗai ba ya kashe fata. Ƙwayoyin cuta ne ke yin ɓarnar, su kuwa damshi da ɗumi suke so. Sukan cinye saiwar gashi, sai gashin ya riƙa saɓulewa, kuma wanda ya saɓule ba ya komawa. A ƙasashen sanyi, fatar da ta kwana cikin ruwan ƙanƙara takan tsira sau da yawa. Mu kuwa a daminarmu, yini guda ma yana da yawa.

Na ɗauke ta sai gidan wani tsohon majemi a bakin kasuwa. Bai tambaye ni komai ba. Ya shimfiɗa ta, ya sa yatsu biyu yana jan gashin a hankali, wuri bayan wuri. A gadon baya gashin ya riƙe. A ciki da hammata ya biyo hannunsa. Da ya kai ga kunnuwa da kewayen idanu, inda fata ta fi kowane wuri rashin kauri, sai gashin ya taho har da wani ɗan yauƙi.

"Yaro," in ji shi, "ai ruwan sama ya fara mini aikina. Mu da gangan muke jiƙa fata da toka don gashi ya fita, kana mu sa bagaruwa. In kirgi kake so, wannan ba ta lalace ba."

Na ce, "Baba, fuskarta nake so."

Ya ce, "Fuska kam ta tafi."

Na yi gardama a zuciyata, domin na ji ana iya ɗinke 'yar ƙaramar sanƙo ko a ɓoye ta. Amma barewa marar gashin kunne da na ido ba barewar Kawu ba ce, dodo ce kawai za a girke masa a zaure. Muka yi abin da ya rage. Muka kankare sauran nama da kitse, muka yanke inda ya ruɓe, muka zuba gishiri mai yawa, muka jingine ta a karkace cikin inuwa don ruwa ya tsane. Ya hana ni kai ta rana ko kusa da wuta. Kashegari muka kakkaɓe jiƙaƙƙen gishirin muka zuba sabo, daga baya ya jiƙa ta cikin ruwan gishiri da alam, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta, domin yana ƙara kama gashi.

Bayan mako 3 na kai wa Kawu ɗan buzu wanda bai fi kamu biyu ba, ja-ja, da baƙin layin nan na gefen cikinta a ɓangare ɗaya. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya daɗe yana shafa gashin, daga wuya zuwa gindi, kamar yadda yakan yi mata da yamma. Sa'an nan ya tambaye ni ko ƙahonin suna nan. Na ce suna ɗakina. Ya ce in kawo, akwai ƙusa a bangon zaure.