Jijiya ma tana da hannu a ciwon daji

1/ Ana kallon tsiron kansa kamar dunƙulen nama da ke shan jini yana girma. To a cikinsa har da jijiyoyi, irin masu kai saƙo su sa mutum ya ji zafi. Kuma suna taya shi aiki.

2/ A 2013 Claire Magnon da Paul Frenette a Amurka sun katse jijiyoyin da ke zuwa furostat na ɓeraye, sai kansar wurin ta kasa bunƙasa yadda ta saba.

3/ A 2022 masu bincike a Kanada suka gano wata hanyar. A ɓeraye masu kansar fata, jijiyoyin jin zafi suna sakin sinadarin CGRP, shi kuma ya kashe wa ƙwayoyin T gwiwa, wato sojojin garkuwar jiki masu farautar kansa. Da aka toshe shi, tsiron ya rage gudu.

4/ Ranar da muka yi wannan a aji, goggona na tuna. Kansar fankiriyas ta yi, gaɓar da ke samar da insulin. Irinta na bin jijiya ta nannaɗe ta, shi ya sa ciwon baya ke hana ta barci. Masu dubiya kuwa sai dai "Hajiya ki daure, ki rage sa damuwa."

5/ Don Allah kar wani ya karanta wannan ya ce ai damuwa ce ta jawo wa wance kansa. Binciken bai faɗi haka ba. Ciwon ma ya ishe ta, ba sai an ɗora mata laifi ba.

6/ Ana gwada propranolol, maganin hawan jini mai toshe saƙon wasu jijiyoyi, tare da magungunan farkar da garkuwar jiki, waɗanda James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a kansu a 2018. Gwaji ne fa. Kar ka ruga kemis, yana iya toshe wa mai asma numfashi.

7/ Idan mai kansa ya ce yana jin zafi, a yarda da shi. A gaya wa likita, a nemi maganin zafin tun da wuri.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan Goggo.