Chatsworth, Gidan da Aka Ƙawata Don Baƙin da Ba Su Zo Ba

Daga Sheffield muka hau bas, ta bar hayaniyar birni ta kutsa cikin tsaunukan Derbyshire, inda ido ba ya ganin komai sai ciyawa kore shar, da tumaki, da katangun duwatsu da aka jera ba siminti. Muna gangarowa kwarin kogin Derwent sai ga Chatsworth ya bayyana, ƙaton gini na dutse mai ruwan zuma, bakunan tagoginsa shafe da ruwan zinare suna ɗaukar ido tun daga nesa.

Gidan na zuriyar Cavendish ne, masu riƙe da sarautar Duke na Devonshire. A 1549 Sir William Cavendish da matarsa Bess ta Hardwick suka sayi filin, amma ginin da ke tsaye a yau Duke na farko ne ya sake gina shi tsakanin 1687 da 1707. Shi wannan mutumin yana cikin manya bakwai da suka gayyato William daga Holan ya karɓi mulkin Ingila a 1688, saboda haka ya sa rai sarki zai zo ya kwana a gidansa. Babban zauren shiga ma don haka aka ƙawata shi. Wani Bafaranshe, Louis Laguerre, ya cika rufi da bango da labarin rayuwar Julius Kaisar na Rum, mai kallo ya yi ta ɗaga kai har wuya ya ƙage. A bene na sama aka jera ɗakunan alfarma na saukar sarki da sarauniya. Sarki William da Sarauniya Mary dai ba su taɓa taka gidan ba.

A ɗaya daga cikin waɗannan ɗakuna na ga mutane sun yi cirko-cirko gaban wata ƙofa. Goge ne irin na Turawa rataye a jikinta, da tsirkiyoyinsa da inuwarsa a kan katako. Sai da na matso har bakin igiyar da aka gitta na gane ashe babu goge a wurin, fenti ne kawai, aikin Jan van der Vaardt. Wata dattijuwa da ke gefena ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta girgiza kai. Zanen Rembrandt na wani dattijo mai rawani ma yana gidan, amma gogen ne ya fi tara jama'a.

Duke na shida shi ne ya fi kowa zuba dukiya. Ya gina doguwar rumfa ta musamman don sassaƙen marmara da ya kwaso daga Italiya, ciki har da aikin Canova. Wanda ya fi tsayar da ni shi ne na Raffaelle Monti na 1847: budurwa durƙushe, fuskarta lulluɓe da mayafi shara-shara, ana hango hanci da fatar ido ta cikinsa. Mayafin da fuskar duk dutse ne, amma hannu sai ya riƙa ƙaiƙayin ya yaye shi.

A lambu labarin ya maimaita kansa. Da aka ji Sarkin Rasha Nicholas na ɗaya zai zo Ingila a 1844, shugaban masu lambu Joseph Paxton ya haƙa tafki a kan tudun da ke bayan gidan, ya janyo ruwa ta bututu. Nauyin gangarowar ruwan kaɗai, ba inji, ya taɓa cilla shi sama kusan mita 90. Sarkin ya zo Ingila, ya koma bai leƙo Chatsworth ba. Shi dai Duke na shida ne kuma ya sa aka tashi ƙauyen Edensor aka sake gina shi a gefe, don kada ya tare masa gani.

Ranar biyan bashi ta zo a 1950. Duke na goma ya rasu bagatatan, gwamnati ta nemi kashi 80 cikin ɗari na dukiyar a matsayin harajin gado. Aka sayar da filaye, aka sallama gidan Hardwick, manyan zane-zane irin na Holbein da Memling suka koma gidajen adana kayan tarihi na Landan. Tun 1981 wata gidauniya ce ke riƙe da Chatsworth, iyalin kuwa haya suke biya a ɓangaren da suke zaune.

Yanzu kuɗin tikiti da na shayi da na kantin tsaraba ne ke gyara rufi da biyan masu goge ƙura. 'Yan makaranta da tsofaffin ma'aikata da baƙi irinmu, waɗanda a zamanin Duke na farko ko ƙofar zaure ba za su kai ba, su ne ke ciyar da gidan. Da yamma muka bi layin bas tare da su, muka kama hanyar Sheffield.