Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Duk wanda ya ji an ce ɗalibi ya zauna zai yi rubutu a kan zanen yara na tele, zai ce aikin yi ne ya ƙare masa. To, a yi mini uzuri. Akwai wani shirin zane mai motsi da na kalla tun ina kwalej, kuma abin da ya nuna mini game da gasa ban same shi cikin wani littafin lakwal ba.

Sunansa Total Drama Island. Mu da muka kalle shi da Faransanci mun fi saninsa da Défis extrêmes. A Kanada aka yi shi, ya fara fita a 2007 a tashar Teletoon, kuma Jennifer Pertsch da Tom McGillis ne suka ƙirƙiro shi. Ba'a ce suka shirya wa shirye-shiryen nan da ake tara mutane a tsibiri, a sa masu kyamara dare da rana, suna korar juna da ƙuri'a har a bar mutum ɗaya. Irin Survivor da Amurka ta fara nunawa a 2000, ko Koh-Lanta da TF1 ta kawo a 2001.

Ga yadda abin yake. An ɗebo samari da ƴan mata 22, ƴan shekara 16, an yi masu alkawarin masauki na ƙasaita. Da suka iso sai suka tarar da wani tsohon sansani duk ya lalace, Wawanakwa, a yankin Muskoka na jihar Ontariyo. Sati 8 za su yi, wanda ya kai ƙarshe ya tafi da dala 100,000. Ba dalarmu ta nan ba fa, dalar Kanada. Gwajin farko ma shi ne su diro daga kan tsauni su faɗa tafkin da ke da kifaye masu cin mutum. Ƙungiyar da ta faɗi sai ta taru da dare bakin wuta, a raba alewa fara mai laushi. Wanda bai samu ba ya ɗauki jakarsa, ya bi gadar katako, ya shiga jirgin ruwan waɗanda suka faɗi. Wurin da kowa ke shiga ya faɗa wa kyamara sirrin zuciyarsa kuwa, masai ne, ƙudaje na ta yawo.

Lokacin da muke kallo ni da ƙannena, duk haushinmu a kan Heather yake. Ita ce ta karanta littafin sirrin Gwen a gaban kowa, ita ce ta sumbaci Trent don ta raba shi da Gwen. Ranar da aka aske mata kai ta fita, ƙanwata har tsalle ta yi. Amma akwai mutum guda da ya fi Heather mugunta nesa ba kusa ba, kuma ba a taɓa jefa masa ƙuri'a ba: Chris McLean, mai gabatar da shirin. Shi ke ƙirƙiro gwaji, shi ke canza doka in ya ga dama, shi ke dariya in wani ya ji ciwo. Shi da mai dahuwarsa Chef Hatchet suna ba yaran abincin da kare ma zai shinshina ya wuce. Lokacin da Harold ya yi maguɗin ƙuri'a aka kori Courtney, Chris bai damu da gyara ba, don rigima ita ke kawo masu kallo. Yaran na ta cin naman juna, shi kuwa yana gyara gashinsa gaban kyamara. Magabata sun riga sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarshen. Owen da Gwen ne suka rage, sai masu shirin suka zana ƙarshe iri biyu. A Kanada Owen ne ya ci, a wasu ƙasashe Gwen. Wato yaro a nan da yaro a can kowa ya yi murna da gwaninsa, alhali ga masu shirin duk ɗaya ne. Bayan haka ma aka ruɗi mai nasarar ya saki 100,000 ɗinsa don neman akwatin miliyan ɗaya. Akwatin ya faɗa ruwa, kifi ya haɗiye, kowa ya tashi hannu wofi, aka ce su shirya wa zango na biyu. Wannan dariya ce, amma dariya mai ɗaci.

Mi ya sa abin ya tsaya mini a rai? Saboda na san wannan zaman bakin wuta. Na san ranar da mushe ke shigowa da takardun sakamako yana kiran suna daga na ɗaya har na ƙarshe, kowa zuciyarsa na dukan uku-uku. Na san yadda aboki ke ɓoye wa aboki littafi in bak ta matso. Na taɓa shiga wata jarrabawar neman gurbi inda muka cika fili maƙil, gurbin kuwa bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Muna ta hararar juna a layi, kowa na ganin na kusa da shi ne zai cinye masa rabo. Ba wanda ya buɗe baki ya ce, ƴan uwa, don mi guraben suka yi kaɗan haka? Yanzu ga waya ta zo. Yaran unguwarmu na zagin juna a TikTok don a kalle su, wani har da tona asirin abokinsa. Su ke kwasar kunya, wasu can nesa ke kwasar kuɗin talla.

Kar a ce na ce gasa ba ta da kyau. Ni ma in lokacin kokowar takobi ya zo, ba na barin gaban tele. Amma a fagen kokowa doka a fili take, alƙali na tsaye kowa na ganinsa, kuma in an kā da mutum sai ka ga wanda ya kā da shi ya miƙa masa hannu. Gasar da nake tsoro ita ce wadda mai shiryawa ke cin riba daga gabarku, wadda in kuka shirya da juna kasuwarsa ta mutu.

Ko a cikin shirin, abin da ya rage wa yaran ba kuɗin ba ne. Abotar Gwen da Leshawna ce, da Owen da ya yi alkawarin in ya ci zai haɗa wa kowa walima. Chris bai shirya waɗannan ba, su suka yi abinsu.

Don haka, ɗan uwa ɗalibi, ƴar uwa ɗaliba, in aka tara mu aka ce mutum ɗaya ne zai wuce, mu shiga mu yi iya ƙoƙarinmu, Allah ya ba mai rabo sa'a. Amma kafin ka ɗauki na kusa da kai abokin gaba, ɗaga kai ka duba wa ke riƙe da farantin alewar, kuma nawa ya zuba a ciki.