Tsohuwa mai buɗuwa ko sabuwa mai tsada?

Tambayar da ɗalibai da ƙananan ma'aikata suka fi turo mini kwanan nan ita ce: "Malam, in sayi laftof ta hannu in riƙa ƙara mata kaya a hankali, ko in daure in cika kuɗi in ɗauki sabuwa a kwali?" Bari in amsa wa kowa a nan. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, sabuwar kwamfuta mai nagarta ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Shi ya sa ake tururuwa wajen na hannu, daga Computer Village ta Ikeja zuwa Banex ta Abuja da shagunan Sabon Gari a Kano. Akasarinsu kwamfutocin ofis ne da kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su: ThinkPad, Latitude, EliteBook. An ƙera su ne don mai gyaran ofis ya iya buɗe su cikin minti kaɗan, kuma wannan shi ne babban abin da kake saya.

Ɗauki ThinkPad T480 ta 2018. Ka kifa ta, ka sassauta sukurorin ƙasa, ka ɗaga murfin. Ga ramuka biyu na RAM a gabanka. Ka buɗa 'yan ƙarafan gefe da farce, sandar ta ɗago da kanta, ka zare, ka sa wata, ka danna har ka ji ƙas. An gama. Ma'adanar SSD ma tana fita. Batirinta biyu ne, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake cirewa da hannu ko kwamfutar na kunne. Kibod ya lalace? Ana canza shi. Yanzu kwatanta da MacBook Air mai M1 da ta fito a Nuwamba 2020: RAM ɗinta da ma'adanarta a manne suke da fanel. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ku rabu.

To amma fa "za a iya ƙara mata" alkawari ne kawai, kuma yawancinmu ba ma cika shi. Na san mutane da yawa da suka sayi mai 8GB da niyyar "in albashi ya shigo zan ƙara", har kwamfutar ta tsufa ramin na biyu yana nan fanko, ƙura ce kawai a ciki. Kuma kayan ba sa jiran ka. A 2025 manyan masu ƙera RAM, wato Samsung da SK Hynix da Micron, suka karkata ga buƙatun cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, suka fara janye hannu daga DDR4, irin wadda waɗannan tsofaffin ke amfani da ita. Farashi ya yi tashin gwauron zabi. Wanda ya ce sai baɗi, baɗin ta zo masa da tsada. Don haka in za ka ɗauki tsohuwa, ka haɗa kuɗin RAM da SSD da sabon batir cikin lissafinka tun farko, a sa maka a nan shagon kana tsaye. Jimillar nan ita ce ainihin farashinta, ita za ka auna da na sabuwa.

Sannan akwai abin da sukudireba ba ta kai wa. Furosesa a manne take, ba ta canzuwa. Windows 10 ta daina samun kulawar yau da kullum daga Microsoft ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 a hukumance, in furosesar Intel ce, sai zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Duba lambar da kanka: in ka ga i5-8350U, takwas ɗin farko shi ne zubin. In ka ga i5-6300U ko i5-7300U, an bar ta a baya, ko da mai shago ya yi dabara ya ɗora mata Windows 11. Kada kalmar "Core i7" ta ruɗe ka. i5 ta zubi na takwas a irin waɗannan kwamfutoci tana da ƙwaƙwalwa huɗu, i7 ta zubi na bakwai biyu gare ta. 'Yan kasuwa sun san mutanenmu na son jin lamba babba.

Inda sabuwa ta yi wa tsohuwa fintinkau shi ne wuta. Apple ta ce Air mai M1 na iya kai awa 18 tana nuna bidiyo. Ko ka zubar da kashi ɗaya cikin uku, ka yi wuni guda ba ka nemi soket ba. Ba ta da fanka, don haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu. Ga wanda yake unguwar da ake kwana biyu ba a ga wuta ba, ko mai zuwa shagon caji da jaka a kafaɗa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka mai haɗa bidiyo ko zanen gini: lokacin da zai ɓata yana jiran tsohuwa ta gama aiki ya fi rarar kuɗin da ya yi. Sai dai ya tambayi kansa, ranar da shayi ya zube a kan sabuwar, wa zai gyara a garinsu, kuma nawa?

Wadda nake roƙon ku da ku guje wa ita ce ta tsakiya: sabuwa fil a leda, mai sheƙi, mai araha, amma Celeron ce da RAM 4GB a manne da 'yar ma'adana 64GB. Ba ta da ƙarfin sabuwa, ba ta da buɗuwar tsohuwa. Iyaye sun fi faɗawa wannan tarkon, don suna ganin kunya ce a kai wa yaro kayan hannu.

Ni dai ga ɗalibi, malamin makaranta, ko mai aikin rubutu da lissafi, na fi karkata ga tsohuwar ofis daga zubi na takwas, da RAM 16GB. Ka je da wanda ya san kan abin. A buɗe ta a gabanka ka ga ramukan da idonka, domin ko a gida ɗaya ana samun bambanci: T490 da ta biyo bayan T480 rami ɗaya gare ta, sauran a manne. A shiga BIOS a tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirri ba. A rubuta powercfg /batteryreport a ga nawa ya rage daga ƙarfin batirin na asali. Ka shafa wurin linzami, in ya ɗan tasa sama, wataƙila batir ne ya kumbura a ƙarƙashi. In mai shago ya ce ba a buɗewa sai ka biya, ka yi masa sallama ka shiga shago na gaba.