Abin da ke bayan garkuwar fuska

 

A wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ake ji da shi a Kanada da Amurka, babu wanda ya kai mai tsaron raga kaɗaici. Yana tsaye cikin sulke, fuskarsa a rufe da garkuwa, ana harbo masa ɗan faifan roba da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa guda. Idan ɗan gaba ya yi kuskure, abokansa za su rufa masa asiri. Idan gola ya yi, fitila ja ce za ta kama a bayansa, dubban mutane suna kallo.

A shekarar 1989 takalmin ƙanƙarar wani ɗan wasa ya yanki wuyan Clint Malarchuk, golan Buffalo Sabres, ya kusa mutuwa a fili. Bai cika mako biyu ba ya koma wasa, aka yi ta yaba jarumtarsa. Raunin wuya ya warke, na zuciya kuwa ya zauna, har a 2008 ya yi yunƙurin kashe kansa, Allah ya sa da sauran kwana. Corey Hirsch na Vancouver Canucks ya shekara da shekaru yana ɓoye cutar waswasi mai tsanani, sai a 2017 ya bayyana wa duniya. Robin Lehner, ɗan ƙasar Suwidin, firgici ya kama shi ana tsakiyar wasa a watan Maris na 2018. Ya nemi magani, likitoci suka gano cutar da ke jefa mutum tsakanin matsanancin kuzari da matsananciyar damuwa, kuma a 2019 ya karɓi kofin Masterton na juriya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu ma muna da irin wannan garkuwa. Ɗan fari da gida ya dogara da shi, ɗalibar da aka ce ba ta taɓa faɗuwa ba, matashin da ke maimaita alwala sau bakwai yana kuka a ɓoye. Ka tambaye shi, ya ce lafiya lau. In ya kuskura ya faɗi gaskiya, sai a ce imaninsa ne ya yi rauni.

Wannan hukunci bai dace da abin da muka karanta ba. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma Annabi ne. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, ana kiranta shekarar baƙin ciki. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani. Malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin waswasi da damuwa a matsayin cututtukan da ake yi wa magani.

Ɗan uwa, in kana cikin wannan hali, riƙe sallarka da addu'a, sannan ka je wurin likita, ka kuma faɗa wa wanda ka amince da shi. In kuma abokinka ne ya buɗe maka cikinsa, ka saurare shi kafin ka fara wa'azi, ka raka shi asibiti.

Allah ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.