Ranar Buɗe Wasa a Sinsinati

Jama'a, a ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya make shi da kulki, ya zagaya fili da gudu ya komo inda ya tashi. Kadan ƙwallon ya ƙetare shinge, sai a ce ya yi bugun gida.

Mutanen Sinsinati, a jihar Ohayo, su ne suka fara kafa ƙungiyar da ake biyan dukan 'yan wasanta albashi, a 1869. Saboda haka ranar buɗe wasa a wurinsu kamar Salla ce. Tun 1920 'yan Kasuwar Findlay ke fitowa jerin gwano da ganguna da algaitun Turawa, ma'aikata su bar aiki, yara kuwa su gudu daga makaranta. Wannan na ƙarshe, ni da ke koyon malanta, ban ce na yaba ba! Bisa al'ada, ƙungiyarsu Reds a gida take fara wasan shekara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1974. Hank Aaron, Baƙar fata, ɗan ƙungiyar Braves ta Atlanta, ya gama 1973 da bugun gida 713, saura ɗaya ya kamo Babe Ruth. Wasiƙun zagi da barazanar kisa suka yi ta zuwar masa saboda launin fatarsa. Su kuma shugabannin Braves suka ce ba za su sa shi cikin wasanni uku na Sinsinati ba, don ya kafa tarihin a gida, 'yan kallo su cika musu aljihu. Sai shugaban besbol, Bowie Kuhn, ya ce sam, lalle ya buga biyu daga cikin ukun.

Mun yi gardama a kan wannan a ɗakin kwana. Waɗansu suka ce ai mutanen Atlanta sun cancanci su gani da idonsu. Ni ina bayan Kuhn. A 1974, Reds da Dodgers rukuninsu ɗaya da Braves, suna neman kambi. In ka ɓoye gwaninka ranar da ka gamu da wannan, sa'an nan ka fito da shi ranar da ka gamu da wancan, ka sa hannu a sikeli ke nan. Haka wani malami zai ajiye yaro mai gudu sai ran da Hedimasta zai zo kallo.

Ran 4 ga Afrilu, Aaron ya make ƙwallo, bugun farko, ya cika 714. A ranar Martin Luther King ya cika shekara shida da kashewa. Aaron ya roƙi a yi shiru na ɗan lokaci kafin wasa, masu filin suka ƙi. Na 715 kuwa, a Atlanta ya buga shi ran 8 ga wata, a kan Dodgers.