Ranar Daɓe a Ƙauyen Kakata

A hutun da ya wuce na je wurin kakata a wani ƙauye da ke bayan Ɗambatta, a Jihar Kano. Na tarar ana shirin daɓen ɗakin wata amarya. Tun da sassafe mata suka baza tsakuwa da jar ƙasa, suka yayyafa ruwa, kowace ta durƙusa da madaɓinta. Tare suke bugu, waƙa na tafe, har ƙasa ta kwanta sumul.

Daga nan Kaka ta kawo makuba. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa har ruwan ya yi duhu, sai a yayyafa a kan daɓen. Ita ke sa shi ƙarfi da sheƙi, ya daina tashin ƙura. Da ya bushe, aka shafe bango da farar ƙasa, aka jera ƙorai masu zane da faya-fayai masu launi. Da rana tsaka waje na ƙuna, amma ɗakin sanyi ƙalau, ba fanka.

Na ce, “Kaka, siminti bai fi sauƙi ba?”

Ta yi dariya. “Ya fi, kishiya, amma nawa ne buhu? Wannan kuwa gayya ce da fura.” Sai ta nuna mini kututturen ɗorawa biyu da aka sare don gawayi. “In ɗorawa ta ƙare, ina makuba? Ina daddawa?”

’Yan’uwana ɗalibai, in kun je ƙauye hutu, ku ɗan ajiye waya ku koyi aikin hannu. Ni dai na dawo da bororo a tafi, da ƙullin kalwa da zan shuka da damina.